Wasiƙa zuwa Amurka: maganar kuɗin 'yan rabin aji

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ga shawarar da ku 'yan garinmu mazauna can kuka yanke, cewa kuɗin da kuka tara a sayo wa 'yan rabin aji na makarantarmu ƙananan kwamfutoci. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi. Amma tunda ka ce in faɗa maka gaskiya a matsayina na hedimasta, ba na abokin wasa ba, to kada ku saya.

Ka san ajin nan, shi ne na ƙarshe kusa da bishiyar darbejiya. Yaran ciki 'yan shekara huɗu zuwa biyar ne, sun fi ƙarfin malama ɗaya nesa ba kusa ba, kuma a ƙasa suke zaune. 'Ya'yan masu hali duk suna makarantun kuɗi. Namu su ne 'ya'yan 'yan dako, da masu tura kurar ruwa, da zawarawan da ke wankau da surfe. Kafin ƙarfe goma sai ka ga wasu sun kife suna barci. Ba ƙiwuya ba ce, ko koko ba su sha ba suka fito. Wasu kuma yayarsu ce ta ajiye su a ƙofa ta wuce talla, don uwar ba ta da inda za ta kai su. Wuta kuwa ba mu da ita, balle wurin caji.

A takarda ba a manta da su ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware wa UBEC, hukumar kula da ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, sai dai jiha ba ta taɓa rabonta sai ta kawo nata kason. Manufar ilimi ta 2013 ta ƙara da shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. To amma da aka fara ciyar da 'yan makaranta a 2016, a kan naira 70 kowane yaro, 'yan aji ɗaya zuwa uku aka lissafa. Waɗanda suka fi kowa ƙanƙanta, cikinsu ya fi kowa saurin ƙullewa, ba sa cikin lissafi. Har yau ban samu wanda ya gamsar da ni hikimar haka ba.

Kuma matsalar ta riga zuwansu wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Wato fiye da rabi. Yaron da tamowa ta taɓa tun yana goye, ba tsayi kaɗai ta rage masa ba, har da kaifin ƙwaƙwalwa. Mu malamai sai mu same shi a aji uku bai iya haɗa baƙi ba, mu ce daƙiƙi ne.

Na ji daɗin labarin da ka ba ni na shirin Head Start na share fagen ƙananan yara da uwargida ke aiki a ciki. Amma ka duba yadda ya faro. A 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, shirin mako takwas ne kawai lokacin hutu, domin 'ya'yan talakawa. Abin da suka sa gaba shi ne abinci, da duba lafiyar yara har haƙoransu, da jawo iyaye cikin harkar. Amurka da arzikinta da ciki ta fara.

Wanda ya fi kama da halinmu ma na Jamaika ne, shi nake so ka karanta wa 'yan ƙungiya. A unguwannin talakawa na Kingston, wajen 1986, aka ɗauki yara tsumburarru 'yan wata 9 zuwa 24. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa kan je gidan sau ɗaya a mako, tsawon shekara biyu, ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa yi masa magana, tana faɗa masa sunan abubuwa, tana yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ma na gida ne, irin su robar da aka yar. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗi fiye da takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100.

Abin da ya burge ni shi ne babu wani abu a ciki da ya gagare mu. Mu da kai a gaban kaka muka koyi magana, da gatanan gatananku, da kacici-kacici, da ƙirga tsakuwa a wasan carafke na yayyenmu mata. Yanzu uwar da ke fama da abin da za a ɗora a murhu ba ta da sukunin tatsuniya, kakar kuma tana ƙauye. Sai yaro ya yini a baya ko a tsakar gida ba wanda ya ce masa uffan sai tsawa. Sa'annan ya zo aji a tare shi da haddar Turanci, yana rerawa bai san me yake cewa ba, iyaye kuma suna murna wai ya fara boko.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kaso mafi tsoka ya tafi ga kunun safe, na gero da gyaɗa da waken suya, matan unguwa su dama a biya su. A sayi tabarmi, da randa, da sabulu, a gyara ban-ɗaki ɗaya domin ƙanana. Sai a ɗauki mata biyu ko uku cikin masu NCE da ke zaune ba aiki, a ba su ɗan alawus, da safe su taya malama, da yamma su shiga gidaje, tunda mu maza ba ma shiga. Na san wannan ba zai yi kyau a hoto kamar kwamfuta ba, kuma na san halin mutanenmu da son abin nunawa ranar taro.

Kuɗin kada ya biyo ta hannuna. Ku turo ta asusun kwamitin makaranta, da sa hannun mai unguwa da shugabar mata, ni kuma duk ƙarshen zango in aiko muku da lissafi. Ku yanke kafin a koma hutu, don a sayi gero da kaka tun bai tashi ba.

Ka gaida uwargida, ka ce mata ina son ta rubuto mini yadda suke tsara yininsu a aji. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata jikokinta.

Wassalam,
Naka amini.