Koke Kan Ƙasar Da Za A Ɗora Ginin Ɗakin Shan Magani

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani.

Mu ne dattawa da iyayen yara na unguwar da aka ware wa filin sabon ɗakin shan magani. Mun ji daɗin wannan rabo, amma tun da aka kafa turaku aka ja igiya hankalinmu bai kwanta ba, domin filin baƙar laka ce tsantsa, irin wadda ta cinye mana ajujuwa biyu a makarantar firamare.

Ranka ya daɗe, ka san ƙasar nan fiye da mu. Ita ce ta sa aka san Gombe da auduga, ita ce kuma ake samu a Numan da can Dikwa da Marte, inda ake dasa masakwa, wato dawar rani, bayan ruwa ya janye. Manomi yana sa mata albarka, magini kuwa kuka yake da ita. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta, da rani ta bushe ta tsuke ta dare, har ƙafar ɗan akuya kan faɗa cikin tsagar. Ginin da ke zaune a kanta kowace shekara sai ya hau ya sauka, bulo kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.

Ajujuwan nan ba su cika shekara uku ba bangon gabas ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa. A tsakiyar bazara babba yana zura hannunsa a ciki, yara na leƙen waje ta nan. Ruwa na sauka sai tsagar ta kusa haɗewa, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa sai an sa kafaɗa. Sau biyu muna haɗa kuɗi ana liƙe ta da filasta, sau biyu tana buɗewa a daidai wurin. Ba mu zo ƙarar kowa ba. Wanda ya yi aikin ya sa siminti da rodi, mun gani da idonmu; ƙasar ce ba a taɓa ba.

Cikin 'ya'yanmu akwai masu aikin hanya, su suka fahimtar da mu cewa ana yi wa irin wannan ƙasa magani. Ana tono ta a farfasa, a gauraya da ƙonanniyar farar ƙasa, wadda injiniyoyi ke kira layim, galibi kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasar. A yayyafa ruwa a bar ta ta kwana ɗaya ko biyu, sai danƙon ya mutu ta koma tana marmashewa a hannu. Daga nan a mayar da ita hawa-hawa, kowane hawa kamar inci 6, ana daddaɓewa da inji, a riƙa jiƙa ta har kwana 7 kafin a ɗora kaya. Siminti ma yana yi, ga kamfaninsa nan a Ashaka kusa da mu, sai dai ya fi kama ƙasa mai yashi. A laka mai danƙo curewa yake, shi ya sa ake fara karya ta da layim. Ɗanyen dutsen farar ƙasa da aka niƙa ba ya wannan aiki, kada wani ya kawo shi ya ce ya yi.

Roƙonmu shi ne ka isar wa Shugaban Ƙaramar Hukuma da sashen ayyuka cewa a dakatar da zuba kankare har injiniya mai rajista ya haƙa ramukan gwaji, a kai ƙasar ɗakin bincike a san zurfin lakar da adadin da za a gauraya. Ba abin kintace ba ne: an ce mana ƙasa mai gishirin salfet idan aka zuba mata layim kumburin ƙaruwa yake yi. In lakar ta yi zurfi, injiniyan ne zai faɗa ko a kwashe ta a cike da burji, ko a canza fasalin harsashin. Abin da ya yanke a rubuta shi cikin takardar kwangila, a ba mu kwafi.

Muna kuma roƙon a zagaye ginin da dakali da lambatu don kada ruwan indararo ya kwanta a gindin bango. Dogon yaron da matasa suka yi niyyar dasawa jikin ginin mun hana, saboda saiwarsa tana tsotse danshin gefe guda. Za su matsa da shi bakin shinge.

Daga ɓangarenmu mun ɗauki nauyin ruwan yayyafi da gadin kayan aiki, kuma matasa ashirin sun ba da sunayensu don tono. Rani ne lokacin wannan aiki, ranka ya daɗe. Ruwan farko na sauka amalanke ma ba ta shiga filin.

Allah ya ƙara girma.

Naka masu biyayya,
Dattawa da iyayen yara na unguwa