Wasiƙa: Yadda Ake Haɗa Sautin Talabijin Da Kiɗan Intanet A Amfilifaya Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi wa 'yan'uwanmu mazauna Legas bayani kan wata matsala da ta zama ruwan dare daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12 da Obalende. Mutum zai je Alaba ko kasuwar Computer Village ta Ikeja ya sayo amfilifaya da lasifika biyu, burinsa ya ji ƙwallo da shirye-shiryen Arewa24 raɗau, in an gama kallo kuma ya sa karatun Alƙur'ani ko waƙa daga wayarsa a waɗannan lasifikokin dai. Ana haɗawa sai ga gurnani, ko bakin mai magana ya riga muryarsa, ko a ji tsit. Daga nan sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifi, alhali sau da yawa kayan lafiyarsu lau, haɗin ne ba a yi daidai ba.

Shawararmu ita ce sautin talabijin ya bi kebul, kiɗan intanet ya bi tasa hanyar daban, su haɗu a makunni ɗaya gab da shiga amfilifaya. Kada a tura talabijin ta Bluetooth, domin Bluetooth yana jinkirta sauti da abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wani lokacin ma fiye. A waƙa ba mai lura da wannan, amma a fim ko labarai ido yana kamawa nan take. Haka kuma bai dace a bar talabijin a kunne don kawai a ji karatu ta YouTube ba. Allon yana cin wuta a banza, kuma wanda ke layin Band A ya san yadda mita ke gudu tun ƙarin kuɗin da aka yi a watan Afrilun 2024, balle mai lallaɓa batirin inbata.

A fara da leƙa bayan talabijin. Ramin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu da aka rubuta Optical a kansa, wanda jan haske ke fitowa daga cikinsa in talabijin na kunne. Sauti yake fitarwa ta hanyar haske, don haka ana buƙatar ɗan akwatin nan da ake kira DAC, mai girman kwalin ashana, ya mayar da shi sautin da amfilifaya ke ganewa ta ramuka biyu, ja da fari. Wutarsa bolt 5 ce ta USB. Kebul ɗin hasken yakan zo da 'yan huluna na roba a bakinsa biyu, a cire su kafin a soka, kuma kada a lanƙwasa shi sosai, domin zaren cikinsa yana karyewa. In aka soka gefe ɗaya a talabijin, ya kamata a ga jan haske a ɗaya gefen. In babu, kebul ɗin ya mutu ko ba a kunna mafitar ba a saiti.

A nan yawanci ake tuntuɓe. Akasarin ƙananan akwatunan DAC masu araha sauti iri ɗaya kawai suke karantawa, wato PCM. Talabijin kuwa yakan zo an saita shi a Auto ko Dolby Digital. Sakamakon shi ne wata tashar za ta yi magana lafiya, ana juyawa zuwa wata tashar ko Netflix sai shiru, ko a ji wata ƙara mai tsananin kaifi da za ta iya ƙona ƙaramar lasifikar sama. Maganinsa bai ɗaukar minti ɗaya: a shiga saitin sauti na talabijin, a nemi wurin fitar da sautin dijital, a zaɓi PCM. Dikodar DStv, GOtv ko StarTimes kuma ta shiga talabijin ta HDMI, a ɗauki sautin daga talabijin ɗin. In aka ɗauka daga dikoda kai tsaye, duk abin da aka kalla ta intanet ko filashi ba zai fito a lasifika ba.

Aibin wannan hanya ɗaya ne. A yawancin talabijin rimot ba ya rage ƙarar da ke fita ta Optical, sai dai a tashi a murɗa amfilifaya. Wanda wannan zai dama ya nemi amfilifaya mai nata rimot, ko ya bi ta ramin HDMI da aka rubuta ARC a gefensa, ya sayi akwatin da ke cire sauti daga nan. Dole sai an kunna CEC a saiti, wato tsarin da ke sa na'urorin da aka haɗa ta HDMI su riƙa jin umarnin juna, kafin ya yi aiki, kuma kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Samsung na cewa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Ba kowane akwatin ARC ne ke bin umarnin rimot ba, don haka a sa mai shago ya gwada a gabanka. Ramin iyafis, in talabijin na da shi, ya fi kowanne sauƙi kuma yana bin rimot, sai dai shi ya fi jawo gurnani.

Gefen kiɗa bai da wuya. Ɗan akwatin karɓar Bluetooth mai mafitar ja da fari ya wadatar, kuma yana kaiwa kimanin mita 10 in babu bango a tsakani. A nisanta shi da MiFi ko rauta ko da taku biyu ne, domin duka suna aiki a zangon gigahaz 2.4, shi ya sa waƙa ke yankewa. Abin da ke ba mutane kunya shi ne duk ƙarar da wayar ta yi sai ta fito a falo, har saƙon murya na WhatsApp da ba a so kowa ya ji. Tsohuwar wayar da aka daina amfani da ita tana maganin wannan: a cire mata layi, a haɗa ta da Wi-Fi na gida, a sa mata Audiomack, Boomplay ko Spotify, a jona ta da kebul a bar ta nan. Lissafin data kuwa a bayyane yake. Waƙa a kilobit 320 tana cin megabait 144 a awa, a 160 tana cin 72, a 96 kuma wajen 43. Tafsiri da rediyo ba sa buƙatar fiye da na ƙarshen.

Yanzu ga hanyoyi biyu, amfilifaya kuma mashigarta ɗaya. Kada a haɗa su da kebul mai reshe biyu. An yi shi ne don raba sauti ɗaya zuwa wuri biyu, in aka juya shi sai kowace na'ura ta riƙa tura wuta cikin 'yar'uwarta, sautin ya raunana ya dusashe, a hankali ɗaya ta lalace. A sayi ƙaramin akwatin zaɓi mai maɓalli, irin wanda ake sauya tsakanin DVD da dikoda a da, ba ya ko buƙatar wuta, a yi amfani da ja da fari a bar rawaya. Wanda ya iya riƙe dalma kuma yana so duka biyun su riƙa fita ba tare da danna komai ba, ya sa rizista huɗu na 2.2k, ɗaya a kan kowane layi: hagun talabijin da hagun Bluetooth su haɗu bayan rizistocinsu, dama ma haka. Ƙarfin sautin zai ragu da rabi, amma ba abin da zai ƙone. Ko ta wace hanya aka bi, a sani cewa waƙar intanet ta fi sautin talabijin ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka a rage murya kafin a sauya, musamman da dare.

Batun amfilifaya, a manta da lambobin nan na wat 3000 ko 5000 PMPO da ake mannawa a kwali. Allon amfilifaya, wato faifan da aka jera kayan wutarta a kai, da ya fi yawa a kasuwa don wannan aiki shi ne mai ɗauke da ɗan cif ɗin TPA3116D2, kuma ya isa falo. Iyakar wutarsa bolt 26, amma kafasitocin da ke kan alluna da yawa na bolt 25 ne, saboda haka kada a wuce 24. Cajar laftof ta bolt 19, am 4.74 ta yi daidai, wat 90 ke nan gaba ɗaya. Da ita kowace lasifika mai om 8 za ta samu wajen wat 20, mai om 4 kuma wajen 40. A nemi caja mai baki 5.5 da 2.5 milimita, a auna da mitar gwajin wuta a tabbatar tsakiya ce fositib, a guji masu siririyar allura a tsakiyar baki irin na wasu HP da Dell. Wani alfanun wannan caja shi ne tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ko wutar unguwa ta yi ƙasa ba za ta damu ba. Hauhawar wuta ce ba ta jurewa, lokacin da aka dawo da ita ko ana sauyawa daga janareta, shi ya sa ya kamata a sa na'urar kariyar nan mai jinkirta mayar da wuta. In amfilifaya na ɗaukewa duk lokacin da ganga ta buga da ƙarfi, cajar ce ta yi ƙarama ko jabu ce.

Akwai kuskure biyu da ke kashe irin wannan allo. Na farko, haɗa baƙaƙen wayoyin lasifikar hagu da ta dama wuri ɗaya don a rage waya, kamar yadda ake yi a tsofaffin rediyo. A wannan allon baƙar wayar ma tana ɗauke da wuta, in suka haɗu ko suka taɓa ƙarfen akwati an gama. Na biyu, jera lasifika biyu masu om 4 a gefe ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, abin da ke mayar da su om 2, allon ya yi zafi ya yanke. Wayar lasifika ta zama jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5mm², in nisan bai wuce mita 10 ba. A kankare bakinta da wuƙa a kasuwa, in cikin ya yi fari to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma danshin Legas yana mayar da ita gari. In an gama haɗi aka ji sautin ba kauri, an juya ja da baƙi a lasifika ɗaya. A taɓa wayoyinta da batirin bolt 1.5, wayar da ke kan fositib lokacin da farantin ya turo gaba ita ce ja.

Gurnani iri biyu ne, kuma kunne na bambanta su. Mai kauri wanda ba ya sauyawa na wutar gida ne mai haz 50, kuma galibi ta kebul ɗin dish yake shigowa, tunda gidajen haya da yawa ba su da wayar ƙasa ta kirki. A zare kebul ɗin dish daga dikoda, in ya yi shiru an kama ɓarawon. Optical yana yanke wannan domin haske ba ya ɗaukar wuta, sai dai in aka ba DAC wuta daga USB na talabijin an sake buɗe masa ƙofa, don haka a ba shi cajarsa daban. Mai amfani da ramin iyafis ya sa 'yar na'urar raba ƙasa mai ƙananan taransifoma biyu a kan layin ja da fari, kuma komai ya ci wuta daga soket ɗaya. Siririn kuka mai kama da na sauro kuwa na Bluetooth ne, yana zuwa in akwatin Bluetooth yana cin wuta daga caja ɗaya da amfilifaya. A ba shi caja mai kyau shi kaɗai, ko a sa masa B0505S, 'yar na'urar da ke keɓe wutarsa daga ta amfilifaya, a tsakani.

Da damina a riƙa duba bakin kebul, musamman a unguwannin da ke kusa da ruwa. In gefe ɗaya ya fara ɗaukewa, a zare a goge koren tsatsar kafin a zargi allo. Akwatin lasifika na katakon garin itace yana kumbura da ya sha danshi, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma janye shi kamar taƙi ɗaya daga bango, domin a gidan haya mai ɗaki na kallon ɗaki kaurin sautin maƙwabci yake fara isa, kuma shi ma yana da hakki. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, shi ke hana ƙarar nan ta "ɗum" da ke wahalar da lasifika.

Mun gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.
Daga wasu masu gyara da haɗa kayan sauti,
Agege, Legas.