Zuwa ga Lawali, a kan maganar karatun Nasiru

Aminina Lawali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da madam da yara. Ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan Maraɗi sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fara shiga kasuwa. Na ba mai kawo maka wannan takarda ƙullin kilishi da tiya biyu ta aya. In ya ce maka tiya ɗaya ce, ka san inda ɗayar ta shiga.

Na zaɓi in zauna in rubuta ne don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na WhatsApp, wanda kullum kake saurara kana tuƙi. Nasiru, ɗan Yaya Alhaji, wanda ka bari yana rarrafe a zaurenmu, ya samu bak ɗinsa na gama sakandare bana. G2 ya yi, fannin lissafin kasuwanci. Murna ba ta kwana uku ba gida ya ɗauki zafi, don yaron ya buɗe baki ya ce shi kasuwanci da kiɗa zai karanta, su biyun tare.

Ka san Yaya. Tasbaha na hannunsa ya ce, "Kiɗa? Wa ka gada?" Daga nan bai ƙara ba, ya tashi ya shige ɗaki. A wurinsa mai kiɗa maroƙi ne, wanda ke tsayawa ƙofar gida ranar suna yana wasa kakanninka har ka sa hannu aljihu. Shi ya saba ya zama mai bayarwa, yanzu a ce ɗansa ne zai koma wancan ɓangaren? Kuma ga maganar malamai, wadda ba sai na buɗe maka ita ba. Ni ma da farko bayan Yaya na bi, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ya juya ni, wani dare ne na bi yaron ɗakin da yake kwana a bayan gida. Ya manne bangon kaf da kwalin ƙwai, wai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Ga tsohuwar kwamfuta da ya saya hannu, ga ƙaramin fiyano mai maɓalli biyu da suka mutu, ya ɗaure wayarsa da roba. A kan katifa kuma gurumi ne, wanda wani tsoho daga Tibiri ke koya masa ranar Laraba. Duk wannan bai ba ni mamaki ba, yaran yanzu kowa da sutudiyonsa. Littafin da ya miƙo mini shi ya sa na zauna. Kaye ne irin na 'yan lakwal, ya ja masa layi da jan biro: sunan mai shago, waƙar talla ta daƙiƙa nawa, an biya nawa, saura nawa. Mai sayar da atamfa jika 15, ya ba da 10. Mai gyaran salula jika 7, ya biya duka. Har da shafin kuɗin kuran da na shayin 'yan fadarsu da ke yi masa amshi. Lawali, shekara 20 ina kasuwa, littafina bai kai nasa tsabta ba.

Sai ya ce mini, "Baba Sanusi, je ka bakin kasuwa wurin masu tura waƙa. Dala ashirin za a cika maka memori da waƙoƙin mutum, shi ko ko dala ba ta isa hannunsa. Mawaƙanmu sun iya waƙa, ba su iya kontira ba." Ya kawo mini zancen BNDA, ofishin da ke kula da haƙƙin masu fasaha a Nijar, ya ce yawancin abokansa ko rajistar waƙa ɗaya ba su taɓa yi ba. Shi so yake ya zama wanda zai tsaya tsakanin mai waƙa da mai kuɗi, ya san yaren kowanne. Na rasa abin da zan ce masa, don ni kaina memorin da ke cikin motata haka na cika shi.

To, sai neman makaranta. Na ga saƙonka na Berklee, wadda ke Boston ta Amurka. Gaskiya ne suna da fannin da ya haɗa kiɗa da kasuwancinsa wuri ɗaya, yaron ma ya daɗe da sanin sunanta, har idonsa ya yi ƙyalli da na ce kai ka ambata. Amma kuɗin karatun shekara kaɗai ya haura dala dubu 40, kuma dalarsu ba irin tamu ba ce ta sefa biyar. Ko Yaya ya sayar da sito ba zai kai shi shekara ta biyu ba. Mun rufe wannan babi.

A nan gida, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ƙarfinta kimiyya ne da noma da likitanci da aikin injiniya, ba hanyarsa ba ce. Yaya ya fi son Maryam Abacha, mai zaman kanta, tunda tana cikin gari kuma da Ingilishi ake koyarwa. Hujjarsa ba ta banza ba ce: duk ɗan kasuwar Maraɗi da ke zuwa Kano ko Legas ko Dubai ya san ranar da rashin Ingilishi ya sa aka yi ciniki a kansa yana tsaye. Amma ni na san dalilin da bai faɗa ba. So yake yaro ya fito aji ya wuce shago, gurumin ya mutu da kansa a ƙarƙashin gado.

Garin Tawa ma mun duba. Jami'ar Djibo Hamani tana da sashen shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, kuma rayuwa can ta fi Yamai sauƙi. Nasiru ya yi dariya ya ce ai garin Ɗan Gurmu ne, wanda aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, sai dai gasa ba aji ba ce. Najeriya kuwa, ga Katsina nan kusa, ga Bayero a Kano, amma sai ya bi ta jarrabawar JAMB da Ingilishin da bai ƙware ba. Sashen kiɗa da ya yi suna can yana Nsukka, ƙasar Ibo, uwarsa kuwa ta ce ko da wasa. Ni abin da ya fi tsaya mini iyaka ce. An rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023. Kaya in sun maƙale a Jibiya ko Ɗan Isa ana haƙuri, amma ɗan mutum fa?

Da na gaji da neman makarantar da ta haɗa biyun, sai na ga gara a nemi garin da ya haɗa su. Wannan kuwa Yamai ce. Da rana ya yi lisans ɗin gudanar da kasuwanci a jami'ar Abdu Mumuni, shekara 3. Da yamma da ranakun hutu ya je CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa da aka buɗe tun 1989. Ka tuna marigayi Malam Maman Barka, mai gurumi, wanda ya je har tafkin Chadi ya koyo kiɗan biram na Buduma don kada ya ɓace? A wannan cibiya ya yi aiki. Da na faɗa wa Yaya cewa mutumin malamin lakwal ne kafin duniya ta san shi da kiɗa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, shi wannan malam ne." Ban ƙara ko kalma ba, kada in ɓata.

Ba wai raina ya kwanta duka ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma na san wadda yaro ɗan shekara 19 zai fara tofarwa in jarrabawa ta haɗu da gayyatar wasa. Ga yajin aiki da kan ja shekarar karatu ta zarce. Ga nisa, fiye da kilomita 600, ba wurin da uwa za ta leƙa da kwanon tuwo ba ne. Sharaɗin da muka yi a gaban Hajiya Babba shi ne: duk zangon da ya faɗi wata matiyar, gurumi ya dawo Maraɗi a cikin kar, shi ya zauna can da littattafansa. Yaya ya ƙara nasa, cewa ba waƙar ɗan siyasa, ba wasa wani mai kuɗi. Nasiru ya amsa da sauri har na so in yi shakka. Yaya dai bai ce ya yarda ba, cewa ya yi, "Ku kuka sani." Amma jiya na ji yana tambayar direbansa nawa ake kama ɗaki a Harobanda, kusa da jami'a.

Yanzu ga abin da nake roƙo wurinka. Ƙanenka da ke Yamai, har yanzu yana nan da iyalinsa? In da hali Nasiru ya sauka wurinsa wata ɗaya ko biyu kafin ya samu ɗaki, kuma maganar burs, tallafin ɗalibai, ba a san ranar da za ta faɗo ba. Ka yi masa magana da kanka, ni ina jin nauyi. Na biyu, in kana da hanyar samun fiyano na hannu mai rai, ko tsoho ne, ka aiko ta wurin masu zuwa, zan biya. Kada ka turo ta gidan Yaya, ka sa sunana.

Ka kira yaron ma ka ja masa kunne, yana jin maganarka fiye da tawa tunda kai ne na Turai. Hajiya Babba tana gaishe ka, ta ce shekara nawa ke nan tana jin "baɗi zan zo". 'Yan tsohuwar fadarmu duk suna gaisuwa, sai dai yanzu rabinmu likita ya hana mu sukari, shayin ya zama abin tausayi.

Naka,
Sanusi