Maganar Irin Tuffa da Ka Aiko

Kano, watan Afrilu.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman Turkiyya? Mutanen gida duk lafiya lau. Ranar Juma'a na je na gaida Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Ta ce in gaya maka ka riƙa kiranta da hantsi, don da daddare barci ke saurin ɗaukarta.

Saƙonka ya iso, ƙullin ƙwayar tuffa da na ceri, kowanne a takardarsa. Na kuma ga hotunan itatuwan da suka yi fure fari fat a bakin titinku. Wallahi abin sha'awa ne, kuma na fahimci abin da ya sa ranka ya biya, tunda ƙasar da kake ita ce kan gaba a duniya wajen noman ceri. Amma tsakani da Allah ba zan shuka su a gonarka ba sai mun yi magana, domin ba na so ka dawo bayan shekara uku ka tarar da kara maimakon lambu.

Ka tuna watannin da kake ce mini itatuwan garinku sun zama kamar busasshen itacen girki, ba ganye ko ɗaya? Wannan tsiraicin shi ne sirrinsu. Tuffa da ceri sai sun yi barcin sanyi, sa'o'i ɗaruruwa a yanayin da bai wuce digiri 7 ba, kafin idon reshe ya buɗe ya yi fure. Asalin tuffa ma daga duwatsun Kazakistan take, wajen Almati, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Mu kuwa hunturunmu da muke ta rawar ɗari muna hura wuta, da ƙyar yake sauka zuwa digiri 10 da asuba, rana na fitowa ya gudu. Yau da nake rubuta maka, zafin Kano ya haura 40. Ƙwayar za ta iya tsirowa, ta yi ganye, ka yi ta ban ruwa kana sa rai, amma 'ya'ya shiru. Ko a can ma ba da ƙwaya ake yaɗa tuffa mai kyau ba, aure ake yi mata kamar yadda muke yi wa mangwaro, don ƙwaya ba ta maimaita uwarta.

Za ka ce ai ana noman kayan Turai a Jos. Gaskiya ne, kuma na gani da idona a Chaha, kusa da Vom, inda ake noman sitiroberi: jajaye kwance ƙarƙashin ganye, ana tsinka da sassafe a jera a ƙananan robobi, a yi saurin kai su kasuwa kafin su laushi. Amma Jos tudu ce, ta fi mita 1,200 daga doron teku, Mambila kuma ta ɗara haka. Tsayin ne ya saya musu sanyin. Haka abin yake a Timiya, cikin duwatsun Abzin a Nijar, tsakiyar hamada amma ga lemo da rumman da inabi, saboda tudu da ruwan ƙorama. Gonarka kuwa shimfiɗaɗɗiyar jigawa ce.

Jiya na shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, sai na tsaya ina kallon ikon Allah. Motoci daga Binuwai na ta juye lemo, kore shar amma zaƙi kamar zuma. Wani dillali ya yanka mini guda da 'yar wuƙarsa, ya fere bawon a zare ɗaya bai tsinke ba. Ka san dalilin da ya sa lemonku ja ne namu kore? Sanyin dare ne ke kore launin ganye daga bawon, mu kuma darenmu ba ya yin sanyin da zai isa. Gefe guda ga abarba da ayaba daga kudu, masu son ruwa da laima, can kuma ga tuffa a kwali, an yo jigilarta tun daga Afirka ta Kudu, kowacce da 'yar takarda manne a jikinta, tsada kuwa ba a magana. Mangwaro ne sarkin wannan wata. Shi ma baƙo ne, daga Indiya ya zo, kamar yadda gwanda da gwaiba da kashu suka ƙetaro daga nahiyar Amurka a jiragen Turawan Fotugal. Sun zauna daram ne saboda sun tarar da rana irin ta gidansu. Mangwaro ma bushewar hunturu yake jira ya yi fure, shi ya sa yake nuna daidai lokacin da maƙogwaro ya fi buƙata.

Ga shawarata. Ta gefen rijiya mu sa mangwaro ɗan aure da gwaiba da lemon tsami. Ta arewa, inda rairayi ya fi yawa, mu sa dabino. Larabawa na cewa dabino ƙafarsa a ruwa, kansa a wuta, kuma duka biyun muna da su. A Dutse akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja da aka keɓe wa dabino, can nake so in je in tambayo iri. Abin lura kawai shi ne akwai namiji akwai mace, kuma in aka shuka ƙwallo ba a sanin wanne ne sai bayan shekaru, don haka gara 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa. Idan fure ya fito, sai an hau an ɗauki na namijin an ɗaura a cikin na macen. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa.

Amma abin da ya fi ci mini rai, shi ne wanda zan faɗa maka yanzu. Da na je duba gonar, na bi ta hanyar da muke bi muna yara in an tashi daga allo. Babbar kanyar nan ta bakin rafi babu ita. Kututture kawai na tarar, da baƙin tabon inda aka turara gawayi. Na daɗe a tsaye. Na tuna yadda muke jifa, nunannu su zubo ruwan ɗorawa, mu cika aljihu, wanda ya yi gaggawa ya ci ɗanya bakinsa ya ɗaure da bauri. Ɗinyar da ke bayanta ma an sassare ta, wadda ke mayar mana da harshe baƙi ƙirin, wadda kakarka take dafawa ta yi maɗi. Magarya da kurna sun ragu sosai. Ɗana na fari ya san tuffa tun kafin ya iya magana, amma da na miƙa masa taura sai ya tambaye ni yadda ake ci.

Waɗannan itatuwa ba wanda ya taɓa yi musu ban ruwa. Aduwa tana tsaye kore a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus. Goruba tana yi a rairayin da ko gero ke wahala. Tsamiya ta ba mu kunu, kuka ta ba mu miya da garin da Fulani ke damawa a nono, kaɗanya kuma ta zubar da 'ya'ya a farkon damina daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a sha naman a tara ƙwarar a yi man kaɗe. Kusan kowane wata akwai mai bayarwa. Laifinsu ɗaya, jinkirin girma, shi ya sa kowa ke sara ba mai dasawa.

Don haka ina neman izininka in jera su a kan iyakar gonar, kanya da ɗinya da tsamiya da magarya, in kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki. Na riga na fara tara iri, na zuba wasu a leda a bayan ɗakina, tsamiya bakwai har sun tsago. Ruwan farko na sauka sosai, cikin Yuni in Allah ya kai mu, sai dashe. Kuɗin da ka ware don tuffa ya isa har da ladan mai gadi na wata shida.

Ƙwayar da ka aiko kuwa na adana ta a gwangwani. Akwai wani abokin aikina mutumin Filato da zai je gida da hutu, in ka yarda zan ba shi ya gwada a can.

Ka amsa mini kafin ƙarshen wata, don in san ramuka nawa za a haƙa. Uwargida da yara suna gaishe ka. Hajiya ta ba ni garin kuka da busasshiyar magarya ta ce a aiko maka, ina jiran mai tahowa.

Wassalam,
Naka amini.