Zuwa ga ɗana Haruna a Tuluz ta Faransa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan Tawa, na ga ya fi in rubuta maka da hannuna a kan in kira ka a waya, domin a waya ka iya tambayar lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya ƙare ba a taɓa maganar da ta sa aka kira ba. Innarka ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba tukuna.

Kawunka na Yamai ya zo ta'aziyyar Hajiya Babba, kuma da jama'a suka watse ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya ji daga bakin wani yaro da kuka taɓa zama gida ɗaya da shi a can. Ya ce binciken digirinka na dokta ya koma kan fukafukan ƙananan jirage marasa matuƙa, kuɗin aikin kuma daga hannun masu ƙera kayan soja yake fitowa, har an binciki asalinka kafin a bar ka ka shiga ɗakin gwaji, kuma ka sa hannu a takardar da ta hana ka faɗin abin da kake aunawa. Na san kawunka da ƙarin gishiri tun lokacin rigimar gonar Bambeye, don haka ban ɗauki maganarsa dukanta ba. Abin da ya hana ni watsar da ita shi ne abin da na lura da shi da kaina. A da saƙonninka cike suke da labarin bututun iska, da hayaƙin da ake sakawa a ciki don a ga yadda iska ke lafewa a bayan fiffike da inda take rabuwa da shi, har ƙannenka suna yi maka dariya. Tun bara ka daina, kuma duk lokacin da na tambaya amsarka ɗaya ce, wai aiki yana tafiya.

Kada ka ɗauke ni tsohon da ya ji sunan jirgi ya firgita. Ni na fara rubuta maka a allon lise cewa ƙarfin da ke ɗaga fiffike ya dogara ga nauyin iska da faɗin fiffiken da saurin tafiya, kuma idan saurin ya ninka biyu ƙarfin yakan ninka huɗu. Na san lissafin nan ba ruwansa da abin da aka ɗora wa jirgi. Da shi ƙananan jiragen Ruwanda suke kai jini asibitocin karkara tun 2016, da shi kuma wani jirgin yake shawagi a kan ƙauye yana jiran umarni. Na kuma san babbar cibiyar binciken jiragen sama ta Faransa, wadda aka kafa a 1946, a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro take, saboda haka a fanninka aikin farar hula da na soja a ɗaki ɗaya suke kwana.

Ga abin da ke hana ni barci. A daren 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan mutanen da suka taru don Maulidi, fiye da 80 suka rasu, cikinsu har da mata da yara, daga baya aka ce kuskure ne. Mutanen nan harshenmu suke yi, irin taron da innarka ke dafa wa abinci kowace shekara shi suka taru yi. Tun da kawunka ya tafi nake tunanin cewa jirgin nan akwai wanda ya zana fiffikensa, wani mai kaifin kwanya da ya kwana a ɗakin gwaji yana neman yadda zai ƙara masa sa'o'i a sama, ya rage masa ƙara don kada na ƙasa su ji zuwansa, kuma wataƙila shi ma yana da uba mai alfahari da shi. Haruna, ba na son in zama wannan uban. Na fi son ka dawo mini ba digiri, ka zauna kana koyar da yaran aji shida, da a ce wata rana na ji labari irin na Tudun Biri a rediyo ina tambayar kaina ko da hannun ɗana a ciki.

Na san abin da za ka ce, domin ni na raine ka. Za ka ce kai iska kawai kake aunawa, ba kai kake harbi ba. Ludwig Prandtl, wanda duk ɗalibin fanninku ke karanta bayanin da ya yi a 1904 a kan siririn ɓangaren iskar da ke manne da jikin fiffike, shi ma iska ya yi rayuwarsa yana aunawa a Gotingen, amma da yaƙi ya zo cibiyarsa rundunar saman Jamus ta yi wa aiki. Maƙerin da ke ƙera garma da mashi a wuta ɗaya ya san wanda ya kawo masa kowane aiki, kuma idan bai yarda da mutum ba yana iya cewa ƙarfe ya ƙare. Kai kuwa, idan maganar takardar nan gaskiya ce, ka amince ka yi aiki ba tare da sanin wanda za a sayar wa ba. Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce, kuma shirun da ka yi mini shekara guda ya nuna kai ma ka san haka.

Ban ce ƙasa kada ta kare kanta ba. Mu da muka ga abin da aka yi wa mutanen Tiliya a Maris 2021, inda aka kashe 137 a yini ɗaya, ba mai koya mana darajar tsaro, kuma ƙasarmu ma ta sayi irin waɗannan jirage daga Turkiyya, suka iso a 2022. Amma soja yana da rantsuwa, yana da shugaban da za a tuhuma, kuma ƙasarsa yake yi wa aiki. Kai wa kake yi wa?

Dangin innarka sun fara cewa ni na jawo, tunda ita likita ta so ka zama ni kuma na dage sai fizik, na sayar da shanun da ka sani. Da za a sake, haka zan sake yi, domin na san dalilina. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya yi karatunsa mai zurfi a Paris kamar yadda kake yi a Tuluz, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, sannan ya dawo ya shugabanci ofishin makamashin rana na Yamai, inda aka riƙa ƙera tukwanen dumama ruwa da injin jan ruwa masu aiki da ranar nan da kowa ke kuka da ita. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. Shi nake gani a raina ranar da na raka ka tasha.

Aikin mai ilimin iska ba ya ƙarewa a ƙasar nan. Kowace farkon damina guguwa tana yaye kwanon azuzuwa a ƙauyukan Adar, kuma ka fi ni sanin cewa ƙarfin da ke ɗaga fiffike shi ne ke ɗaga rufin, amma har yau magina da ido suke yanke gangaren rufi da tazarar ƙusa. Ƙurar hunturu tana cin fukafukan injin jirgi, zafin Afrilu yana sa iska ta yi sauƙi har jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya tashi. Turawan da kake zaune cikinsu da kansu suka kawo jiragen bincike Yamai a 2006 don su auna damina da ƙurarmu. Ga makarantar koyon yanayi da sufurin sama a Yamai, ga jami'a a nan Tawa, dukansu suna buƙatar malamai.

Ban manta da halin da kake ciki ba. Tun bayan Yuli 2023 da dangantaka ta lalace tsakanin Nijar da Faransa, ɗalibanmu da yawa sun rasa biza, kuma na san wanda ke can yana taka-tsantsan da takardar zamansa, yana gudun duk abin da zai sa a ce ya cika tambaya. Ban ce ka yi faɗa da kowa ba, ban kuma ce ka ɗauki rigimar gwamnatoci ka kai ɗakin gwaji ba. Malaminka mutumin kirki ne, ban manta da zaryar da ya yi lokacin da ka kwanta asibiti ba. Mu a nan kunya ke hana ɗalibi tambayar malaminsa inda kuɗi suka fito, su kuwa, a iya zaman da na yi da su a wurin aiki, sun fi girmama wanda ya tambaya kai tsaye a kan wanda ya yi shiru yana gunaguni. Ka same shi cikin ladabi, ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin binciken, ina sakamakon zai tafi, kuma ko akwai hanyar da za a karkata kundinka zuwa wani aikin da za ka iya bugawa kowa ya karanta.

Idan kawunka ƙarya aka yi masa, ka gaya mini, ni zan je Yamai in same shi. Idan gaskiya ne, ka gaya mini iyakar abin da takardar ta bar ka ka faɗa, ba na neman ka karya alkawarin da ka ɗauka. Ina son amsar a rubuce kafin azumi, kuma kada ka turo ta wayar ƙanwarka.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka saboda sanyi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka.

Mahaifinka.