Ostiraliya ba ta fara da zuwan Bature ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan bikin ranar Ostiraliya ta 26 ga Janairu, kuma gaskiya raina ya sosu da aka tsallake ’yan asalin ƙasar, wato Aborijin, sai ka ce Turawan da suka sauka a 1788 kango suka tarar.

A Perth nake zaune, a nan ne kuma na kalli Bran Nue Dae a 2020, da aka sake kawo shi dandamali don cikarsa shekara 30. Wasan kwaikwayo ne mai waƙa da rawa, irinsa na farko da Aborijin suka rubuta da hannunsu. Jimmy Chi, ɗan garin Broome, shi ya tsara shi tare da mawaƙan Kuckles, aka fara nuna shi a 1990.

Labarin wani yaro ne, Willie, da ya tsere daga makarantar kwana ta mishan a Perth ya nufi gida Broome, tafiyar sama da kilomita 2,000. Akwai wata waƙa a ciki mai kiɗan biki, wadda mai rerawa ke cewa ba abin da ya fi so kamar zamansa Aborijin yana kallo ana ƙwace masa ƙasa. Wata dattijuwa Aborijin da ke kusa da ni tana bin waƙar baiti-baiti, tana dariya, tana share hawaye da bayan hannu. Turawan da ke gabanmu suna ta tafi, can sai na ga hannun wani ya tsaya cak, maganar ta shige shi.

A ƙarshen wasan asiri ya tonu cewa kusan kowa ɗan uwan kowa ne, fari da baƙi. Shi kansa Chi jinin Bardi ne, wata ƙabilar Aborijin, da Sin da Japan da Sikotlan. Wannan ita ce Ostiraliyar da nake gani kullum a tashar jirgin ƙasa, ba wadda sharhinku ya zana ba.

Maganar kuma ba ta mutu ba. A 2023 kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa wa Aborijin majalisar ba da shawara a tsarin mulki. Don Allah in Janairu ta zagayo, ku ba su ko da rabin shafi ne.

Naku,
Mai karatunku daga Perth