Wasiƙa daga Detroit: mai lamba 20

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kana lafiya, da su Inna da Baba. Nan sanyi ya fara kankama, amma alhamdu lillahi.

Ka tambaye ni mai lamba 20 ɗin nan na rigar da na aiko maka. Barry Sanders ke nan. A garin nan in ka taɓo wa direban tasi zancensa, har ka sauka bai gama ba. Wasansu, wato ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ba irin namu ba ne, ƙwallon rungume ta ake yi. Shi aikinsa a miƙa masa ita ya kutsa cikin ƙarti da gudu, a auna abin da ya ci na fili da yadi.

Gajere ne, don haka manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba. A jami'ar Oklahoma State ma sai da ya shekara biyu a bayan wani ɗan wasansu, Thurman Thomas, yana jiran layi. Da aka sakar masa fili a 1988, yadi 2,628 ya ci, ya ɗauke kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i. Shekara na zagayowa kulob ɗin Detroit Lions suka ɗauke shi.

Abin da ya sa na saya maka rigarsa shi ne wasan ƙarshe na 1989. Yana da yadi 1,470 a kakar, Christian Okoye, ɗan Enugu da ke buga wa kulob ɗin Kansas City, yana da 1,480. Goma kacal! Koci ya ce ya koma fili ya ƙwace kambin wanda ya fi kowa cin yadi, ya ce a bar shi, tunda ga nasara a hannu. Haka ɗan Najeriya ya zama zakaran cin yadi na shekarar. Kuma ko ya ci maki ba ya rawa, alƙalin wasa yake miƙa wa ƙwallo ya wuce abinsa.

A 1997 ya ci yadi 2,053. A 1999, lafiyarsa ƙalau, saura yadi 1,457 ya kamo Walter Payton, wanda a lokacin ya fi kowa cin yadi a tarihin gasar, sai kawai ya aika wa jaridar garinsu Wichita takarda cewa ya ajiye wasa. Mutanen nan sun daɗe suna fushi. Ni ban ga laifinsa ba: shekara goma ana dukan jikinsa, kulob bai kai shi ga kofi ba. Sun dai huce, don a 2023 sun kafa gunkinsa a bakin filin Ford Field.

Ka gaya wa Inna kuɗin magani na tafe ƙarshen wata. A gaida kowa da kowa.

Yayanka.